Wanda ya gama hukuncin babban laifi a Amurka, yaushe ƙuri'arsa ke dawowa?

Tambaya: Ƙanena ɗan ƙasar Amurka ne. Ya yi zaman gidan yari kan babban laifi, yau shekara biyu ke nan da fitowarsa. Wasu sun ce masa ya yi sallama da zaɓe har abada, wasu kuma sun ce tun ranar da ya fito 'yancinsa ya dawo. Wanne ne gaskiya, kuma me ya kamata ya yi kafin ya je rajista?

Amsa: Malam, kowanne daga cikin maganganun nan biyu gaskiya ne a wata jihar, kuskure ne a wata. Amurka ba ta da doka guda a kan wannan batu. Kowace jiha da nata tsarin, kuma ko da kotun tarayya ce ta ɗaure mutum, dokar jihar da yake zaune ita ke cewa zai yi zaɓe ko ba zai yi ba. Kafin komai, ka isar masa da wannan: kada ya sa hannu a fom ɗin rajista sai yana riƙe da takardun da ke nuna ya cancanta. Fom ɗin rantsuwa ce, kuma an gurfanar da mutane a kansa.

Tushen ikon jihohi yana cikin gyara na 14 da aka yi wa kundin tsarin mulki a 1868, inda aka ambaci hana zaɓe saboda tawaye ko wani laifi. A 1974, a shari'ar Richardson da Ramirez, Kotun Ƙoli ta dogara da wannan sashe ta ce jiha na iya hana wanda aka samu da babban laifi zaɓe ko bayan ya gama hukuncinsa. Babban laifi a nan shi ne wanda suke kira feloni, galibi wanda hukuncinsa ke iya wuce shekara guda. Ƙaramin laifi ba ya cire mutum daga rajista a mafi yawan jihohi, haka ma wanda ke tsare yana jiran shari'a, tunda ba a same shi da laifi ba tukuna. Ƙungiyar Sentencing Project, wadda ke ƙirga waɗannan mutane, ta ce a 2016 sun kai miliyan 6.1, a 2024 kuma sun ragu zuwa kimanin miliyan 4. Kusan bakwai cikin goma nasu ba sa gidan yari, suna gari suna aiki suna biyan haraji.

A jihohin Meyin da Bamont, da birnin Washinton tun 2020, mutum ba ya rasa ƙuri'arsa ko yana cikin gidan yari. Jihohi fiye da 20 kuwa suna mayar da 'yancin ranar da aka buɗe wa mutum ƙofa. Cikinsu akwai Niyok tun 2021, Kalifoniya tun ƙuri'ar raba gardamar 2020, Minesota da Niyu Meksiko tun 2023. Idan ƙanenka na ɗaya daga cikin waɗannan, aikinsa kawai ya sake rajista. Wahalar tana sauran jihohin.

Da yawa daga cikinsu, irin su Teksas da Jojiya, suna cewa sai an gama hukunci gaba ɗaya, kuma a nan mutane suka fi faɗawa rami, domin fita daga gidan yari daban, gama hukunci daban. Akwai talala iri uku. Akwai wadda alƙali ke yankewa a madadin ɗauri ko a ƙara a kansa. Akwai wadda ake yi wa wanda aka saka kafin wa'adinsa ya cika, ya ƙarasa sauran a gida yana kai kansa wurin jami'i. Sai ta kotun tarayya, wadda ke farawa bayan mutum ya gama zaman gidan yarin, tana kuma iya ɗaukar shekara uku ko biyar. Duk wanda ke ƙarƙashin ɗayansu, a idon waɗannan jihohi yana cikin hukunci. Wannan ta uku ce ta rutsa da Crystal Mason a Teksas. A zaɓen 2016 ta cika ƙuri'ar wucin gadi, wato wadda ake ajiyewa gefe har sai an tantance cancantar mai ita, tana ƙarƙashin talalar tarayya. Ba a ma ƙirga ƙuri'ar ba, amma a 2018 aka yanke mata ɗaurin shekara biyar. Sai a Maris na 2024 wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, bisa cewa ba a tabbatar ta san ba ta cancanta ba. Shekara biyu da fitowar ƙanenka ba ta isa hujja ba. Tambayar ita ce, an ba shi takardar sallama daga talala ko ba a ba shi ba?

Daga talala sai kuɗi, kuma babu inda wannan ya fito fili kamar Fulorida. A Nuwamban 2018 masu zaɓe a jihar, kusan kashi 65 cikin 100, suka amince da gyara na 4 a kundin jihar: duk wanda ya cika dukkan sharuɗɗan hukuncinsa 'yancinsa ya dawo, ban da masu laifin kisa da manyan laifukan lalata. An yi ƙiyasin mutum miliyan 1.4 za su amfana. A 2019 majalisar jihar ta yi doka, Gwamna Ron DeSantis ya sa hannu, cewa cika sharuɗɗa ya haɗa da biyan tara, da kuɗin kotu, da diyyar wanda aka cuta. A Mayun 2020 alƙalin tarayya Robert Hinkle ya ce ba za a hana wanda ba shi da halin biya zaɓe ba, ya kuma ce kuɗin kotu haraji ne a kan ƙuri'a, abin da gyara na 24 na kundin ƙasa ya haramta. A Satumbar wannan shekarar kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncinsa da alƙalai 6 a kan 4, dokar ta tsaya.

Ya kamata a san yadda bashin ke taruwa. A Fulorida, wanda aka samu da babban laifi ana ɗora masa dala 225 na kotu, da aƙalla dala 100 na gabatar da ƙara. Idan lauyan gwamnati ne ya kare shi saboda talauci, akwai dala 50 na neman lauyan, da aƙalla dala 100 na aikinsa. Wannan kafin a zo kan tara. Wanda aka kama da hodar iblis daga giram 28 zuwa 200, tararsa dala 50,000 ce ta dole. In an miƙa bashin ga kamfanin karɓar bashi, yana iya ƙara har kashi 40 cikin 100. Abin da ya fi damuna a tsarin shi ne, jihar ba ta da rumbu guda da zai gaya wa mutum nawa ake bin sa. Bayanan suna warwatse a ofisoshin magatakardan kotunan gundumomi 67, kuma tsofaffin shari'o'i wasu takardunsu sun ɓace ko lissafinsu bai dace da juna ba. An ce wa mutum ya biya, an kasa gaya masa nawa, sannan in ya yi kuskure a kama shi. Wannan zalunci ne, ko da mutum yana ganin biyan diyya wajibi ne.

Duk da haka akwai ƙofofi, kuma da yawa ba su san su ba. Abin da ake lissafawa don zaɓe shi ne adadin da ke rubuce a takardar hukunci. Kuɗin ruwa da ladan kamfanin karɓar bashi da suka hau daga baya ba sa ciki, kuma duk abin da mutum ya biya tun farko ana cire shi daga wancan asalin adadin. Saboda haka wani yana ganin ana bin sa dala 900 a kwamfutar kotu, alhali ta fuskar zaɓe ya riga ya fita. Ana iya roƙon alƙali ya mayar da bashin zuwa sa'o'in hidimar al'umma, in an gama su an gama. Wanda ake biya diyyar ma yana iya yafewa a gaban kotu ko a rubuce da shaidar rantsuwa. Abin da ba ya fitar da mutum shi ne mayar da bashin ya zama na farar hula, wato wanda ake bi kamar bashin yau da kullum maimakon a matsayin hukuncin laifi, domin dokar 2019 ta ce wannan ba biya ba ne.

Akwai kuma jihohin da abin ke hannun gwamna, wato yana iya canzawa da canjin gwamnati. A Ayowa, Gwamna Tom Vilsack ya mayar da 'yancin a 2005, Terry Branstad ya soke a 2011, Kim Reynolds ta sake mayarwa a Agustan 2020, ban da masu laifin kisa. A Kentaki, Steve Beshear ya ba da umarni a 2015, Matt Bevin ya soke shi da hawansa, Andy Beshear ya dawo da shi a Disambar 2019 ga kimanin mutum 140,000 waɗanda laifinsu ba na zubar da jini ba ne. A Bajiniya, Terry McAuliffe ya mayar wa sama da 200,000 da umarni guda a 2016, kotun ƙolin jihar ta ce sai dai ɗaya bayan ɗaya, ya zauna yana sa hannu har kusan 173,000. A 2023 Glenn Youngkin ya koma tsarin kowa ya rubuta takardar roƙo. A irin waɗannan jihohi, labarin da wani ya ba ka na shekara uku da suka wuce yana iya zama ya tsufa, sai a duba abin da ke aiki a yau.

Misisipi ta fi kowacce tsauri, kuma tsarinta yana nuna inda dokokin suka samo asali. Kundin jihar na 1890 ya jera laifukan da ke hana zaɓe har mutuwa: sata, cin hanci, ƙone dukiya, damfara, rantsuwar ƙarya, jabun takardu, wawure dukiyar amana, auren mace fiye da ɗaya. Kisa da fyaɗe ba sa ciki sai a 1968. Waɗanda suka rubuta jerin sun zaɓi laifukan da suke ganin an fi kama baƙaƙen fata da su, shekara 25 bayan 'yanta bayi. Har yanzu mafita biyu ce: afuwar gwamna, ko majalisun jihar biyu su amince da ƙuduri mai ɗauke da sunan mutumin da rinjayen biyu bisa uku. A 2023 wasu alƙalan ɗaukaka ƙara suka ce wannan azaba ce da kundin ƙasa ya hana, a Yulin 2024 cikakken zaman kotun ya juya hukuncin. Amma laifin da ba ya cikin jerin, kamar na ƙwaya, ba ya taɓa ƙuri'ar mutum a can. Alabama ma ta yi irin wannan a kundinta na 1901, har Kotun Ƙoli ta soke wani sashensa a 1985 saboda an tabbatar da niyyar wariya. Sai a 2017 jihar ta rubuta jerin laifukan da take nufi, kafin nan kowane jami'in rajista da nasa fahimtar. Wanda laifinsa ke cikin jerin yana neman takardar cancanta daga hukumar afuwa, bayan ya biya kuɗaɗen da ake bin sa. Tenesi kuwa a 2006 ta ƙara da cewa dole mutum ya kasance ba a bin sa kuɗin ciyar da 'ya'ya. Sakamakon wannan tarihi yana nan a lissafi: a 2024, baƙar fata ɗaya cikin 22 da suka isa zaɓe ba shi da ƙuri'a.

To, ga abin da ƙanenka zai yi. Ya fara da ofishin magatakardan kotun da ta yanke masa hukunci, ya nemi kwafin takardar hukuncin mai hatimi, ga kowace shari'a, a kowace gunduma da jiha. Ana biyan 'yan daloli a kan shafi da hatimi. A cikinta zai duba abu uku: lambar sashen dokar da aka same shi da laifi a kai, tsawon talala, da kuɗin da aka yanke. Lambar sashen tana da muhimmanci domin sau da yawa ana tuhumar mutum da babban laifi, a sasanta ya amsa ƙarami, shi kuma ya ci gaba da ɗaukar kansa mai babban laifi. Haka nan akwai shari'o'in da alƙali ke ɗage tabbatar da laifi, ya sa talala kawai. A Fulorida da Teksas irin wannan ba ya hana zaɓe, domin a doka ba a tabbatar da laifin ba.

Bayan haka ya je hukumar gidajen yari ko ofishin talala ya karɓi takardar sallama mai ɗauke da ranar da aka rufe fayil ɗinsa. Maganar baki ta jami'in talala ba ta wadatar ba. A Tenesi an yanke wa Pamela Moses ɗaurin shekara shida a 2022 bayan wani jami'i ya sa hannu bisa kuskure cewa ta gama talala, sai daga baya aka soke hukuncin aka janye tuhumar. Idan jami'i zai yi kuskure a rubuce, ya kamata a gwada ranar da ke takardar sallama da wadda ke takardar hukunci, a tabbata sun dace, musamman idan an taɓa tsawaita talalar saboda saɓa sharaɗi ko rashin biya.

Sai lissafin kuɗi, idan jiharsa na cikin masu sharaɗin biya. Ya nemi magatakarda ya buga masa tarihin biyan gaba ɗaya, ya bambanta diyya da tara da kuɗin kotu, domin wasu jihohi diyya kaɗai suke dubawa. A Arizona, misali, wanda laifinsa na farko ne 'yancinsa na dawowa da kansa in ya gama hukunci ya biya diyya, amma mai laifi biyu sai ya shigar da buƙata kotu. Duk rasit ya ajiye shi.

Da waɗannan a hannu sai ya tambayi hukumar zaɓe, a rubuce. Fulorida tana da hanyar neman fatawar hukuma daga sashen zaɓe na jihar, kuma wanda ya yi aiki da amsar da aka ba shi da zuciya ɗaya yana da kariya. A wasu jihohin wasiƙa ko imel daga ofishin sakataren jiha ko na gunduma ita ce abin riƙewa. Akwai lauyoyin da ke wannan aiki kyauta: ƙungiyar Campaign Legal Center tana da shiri na musamman a intanet da ke bi da mutum jiha jiha, a Fulorida kuma akwai ƙungiyar da Desmond Meade ke jagoranta, wadda ta kai gyara na 4 gaban masu zaɓe, tana kuma taimakawa wajen biyan tara.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne ɗaukar katin zaɓe a matsayin hujja. A Agustan 2022 Fulorida ta sanar da kama mutum 20 da suka yi zaɓen 2020, dukkansu masu tsohon laifin kisa ko lalata da gyaran bai shafa ba. Da yawansu hukuma ce ta karɓi fom ɗinsu ta aiko musu da kati. Ofishin gunduma yana sa suna a rajista kafin jiha ta gama bincike, binciken kuma yana iya ɗaukar watanni ko shekaru. Rantsuwar ƙarya a fom ɗin rajista a jihar babban laifi ne da ke iya kai mutum shekara biyar da tarar dala 5,000. Haka ma matasan da ke yi wa mutane rajista a bakin kanti ko wajen taro: niyyarsu mai kyau ce, amma ba su ga fayil ɗinsa ba, kuma ba su za a gurfanar ba.

Ƙaura daga jiha zuwa jiha tana da nata ruɗanin. Fulorida tana bin dokar jihar da aka yanke hukuncin. Shi ya sa Donald Trump, wanda kotun Niyok ta samu da laifuka 34 a Mayun 2024, ya yi zaɓe a Fulorida a Nuwamban shekarar: Niyok tana hana wanda ke cikin gidan yari ne kawai, shi kuma ba a ɗaure shi ba. Tenesi akasin haka take. Kotun ƙolinta ta yanke a 2023 cewa ko an yi wa mutum afuwa a wata jihar, sai ya cika sharuɗɗan Tenesi. Wanda yake zaɓe lafiya a Niyok yana talala, in ya koma Teksas ya daina cancanta har sai talalar ta ƙare.

Ka ce ƙanenka ɗan ƙasa ne, to madalla. Amma ga 'yan'uwanmu da ke zaune a can da katin zama na dindindin, duk wannan bayani bai shafe su ba. Wanda ba ɗan ƙasa ba, ko bai taɓa laifi ba, rajistar zaɓen tarayya ko cewa shi ɗan ƙasa ne a fom yana iya jawo masa kora daga ƙasar, ya kuma rufe masa ƙofar zama ɗan ƙasa. A kula sosai a ofishin lasisin tuƙi, inda ake miƙo tayin rajista tare da sauran takardu.

Akwai kuma asarar da ba a magana a kanta, ta waɗanda 'yancinsu ya dawo amma tsoro ko rashin sani ya hana su rajista. Dawowar 'yanci ba ta mayar da suna cikin rajista. An goge sunan lokacin hukunci, sai mutum ya sake cika fom. Wani lokaci ma kwamfutar hukuma tana ci gaba da nuna tsohon bayani, a ƙi karɓarsa ko a aiko masa da wasiƙar cire suna. A nan takardar sallama ke aiki: ya kai kwafinta, ya nemi a saurare shi cikin wa'adin da wasiƙar ta ba shi, kada ya bar ranar ta wuce. Hatta jami'ai kan yi turjiya. A Nebaraska majalisa ta soke jiran shekara biyu bayan gama hukunci a 2024, sakataren jiha ya ƙi aiwatarwa, sai da kotun ƙolin jihar ta tilasta shi a Oktoba, saura kwanaki a rufe rajista. Ya kuma sani cewa ƙuri'a daban, riƙe bindiga daban, zama cikin masu taya alƙali yanke hukunci daban. Dawowar ɗaya ba ta nufin sauran sun dawo.

Masu goyon bayan hanin suna cewa wanda ya karya doka bai kamata ya zaɓi masu yin ta ba, kuma diyya haƙƙin wanda aka cuta ne. Maganar diyya tana da ƙarfi, amma ana iya bin bashi ta hanyar kotu ba tare da an riƙe ƙuri'a jingina ba. Mutum biyu da suka yi laifi iri ɗaya, suka yi zama iri ɗaya, mai kuɗin ya yi zaɓe talakan ya tsaya, wannan auna aljihu ne. Tsarin da ya fi adalci, ya kuma fi sauƙi ga ma'aikatan zaɓe, shi ne na ranar fita: in kana waje, kana da ƙuri'a. Babu lissafin da za a ɓata, babu wanda za a kama kan kuskuren magatakarda.

Mai karatu a Najeriya zai ga bambancin. Kundin 1999 bai cire wa wanda ya gama hukunci ƙuri'arsa ba. Abin da ya hana shi ne tsayawa takara na shekara 10 bayan laifin rashin gaskiya. Babbar Kotun Tarayya a Benin ma ta yanke a 2014 cewa fursunoni na da 'yancin zaɓe, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙarfafa hakan a 2018, aiwatarwa ce ta tsaya.

Game da lokaci, jihohi da dama suna rufe rajista kwana 30 ko kusa da haka kafin zaɓe, Fulorida kwana 29. Samun tsofaffin takardun kotu kan ɗauki makonni, buƙatar mayar da tara zuwa hidima kuma sai an sa mata ranar zama. Ya fara aƙalla wata shida kafin zaɓen da yake so ya shiga. Idan ranar ta zo amsar hukuma ba ta iso ba, ya haƙura da wannan zaɓen, kada kuma ya karɓi ƙuri'ar wucin gadi da za a miƙa masa a rumfa, domin ita ma akwai rantsuwa a jikinta.